Doktora a fannin ba da shawara ta Kirista: waɗanda suka yi, ku ba mu labari

Ɗan Gobir: Salama gare ku 'yan'uwa. Na gama mastar a tauhidi, yanzu ikilisiyarmu a nan Maraɗi tana so in wuce doktora a fannin ba da shawara. Jos zan nufa, ko makarantar tauhidi ta FATEAC a Abijan, ko in zauna gida in yi ta intanet? Wanda ya taɓa, ya faɗa mini abin da ya gani.

Tsohon Fasto: Ɗana, fara tantance wace iri kake so. D.Min ta fasto ce da ke bakin aiki, PhD kuwa ta mai son bincike da koyarwa. Ni ta farkon na yi a Jos. Karatun bai ba ni wuya kamar Turanci ba, mu da lakwal ta raina da Faransanci. Amma kusa ce, ka bi ta Dan Isa da Jibiya, kuma Hausa na yi maka aiki a kasuwa da majami'a.

Maman Tagwaye: Baba Fasto, a yi mini haƙuri in tsoma baki. Malamanmu gida biyu suka rabu: masu bin marigayi Jay Adams, malamin nan na Amurka wanda a 1970 ya rubuta cewa Littafi Mai Tsarki ya wadatar wajen ba da shawara, da masu haɗa shi da ilimin halayyar ɗan Adam. Mun sha gardama a kai. Sai dai littattafan duka biyun mata da miji kawai suka sani, su biyu a ɗaki. A nan fa? Kafin ka buɗe baki uwar miji ta shigo, kawu ya aiko, dangin matar kuma wataƙila Musulmi ne. Binciken da na yi kan mata masu yoyon fitsari ne, irin waɗanda ake yi wa aiki a Danja. Mace ta warke a jiki, amma miji ya riga ya sake ta. Ba shafin da ya gaya mini abin da zan ce mata, tsofaffin zumuntar mata ne suka koya mini. Ƙanena, ka nemi makarantar da za ta sa ka zauna da mutane, malami yana duba aikinka.

Ɗan Madarunfa: Ta intanet na yi, da wata makaranta a Amurka. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a 2023, da janareto na riƙa shiga aji, tsakar dare kuma. Na gama, na kai takardar neman koyarwa, aka ce ba a san makarantar ba. Yaya, kafin ka biya ko dala ɗaya, tambayi ko CAMES, hukumar da ke tantance takardun jami'a a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da takardarsu.

Tsohon Fasto: Ƙari ɗaya. Tun 2019 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suke shigowa Gidan Rumji. Na zauna da wanda aka kashe ɗansa a gabansa, ba ya barci. Mun yi addu'a, sannan na raka shi wurin likita. Doktorar nan ba ta ba ka izinin rubuta magani.

Ɗan Gobir: Na gode, Baba. Mama, iyali fa, da su kika tafi ko a Maraɗi kika bar su?