Bizar masu kafa sabon kamfani: wace ƙofa ce a buɗe ga ɗan Nijar?

Issoufou, Yamai:
Assalamu alaikum. Ni da abokin aikina mun ƙera manhajar waya da ke haɗa manoman albasa na Galmi da ƴan kasuwar da ke saye daga Akara da Abijan. Kamfanin yana da rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, kuma an fara ciniki ta kansa. Muna son mu zauna a wata ƙasa inda masu zuba jari suke, domin a nan jarin irin wannan aiki ya yi ƙaranci. Wani mai shiga tsakani ya ce zai samo mana katin Estoniya wanda zai ba mu damar zama a Turai. Shin gaskiya ne, kuma wace biza ce ta dace da mu?

Hajiya Rabi, Tawa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka riƙe kuɗinka. Katin da yake nufi shi ne e-Residency, wanda Estoniya ta fara bayarwa a 2014, kuma amfaninsa shi ne ka buɗe kamfani ka sa hannu a takardu ta intanet. Ba ya ba ka izinin shiga ƙasar, balle zama. Bizar masu sabon kamfani ta Estoniya daban take, an buɗe ta a 2017, kuma sai wani kwamiti ya duba aikinka ya yarda cewa fasaha ce mai iya bunƙasa zuwa wasu ƙasashe.

Malam Abdou, Yamai:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da ya kamata ka gane, Issoufou, shi ne kusan duk waɗannan bizoji ba ofishin jakadanci ne ke fara yanke hukunci a kansu ba, akwai mai tsaron ƙofa kafin shi. A Faransa, tsarin French Tech Visa yana ba da katin zama na har shekara 4 wanda ake sabuntawa, iyali ma suna bin mai shi, amma sai hukuma ta amince cewa aikin sabon abu ne, galibi ta hannun wata cibiyar renon kamfanoni, sannan ka nuna kuɗin da ya kai albashi mafi ƙanƙanta na shekara guda a can. A Ingila, bizar Innovator Founder da aka fara a 2023 ta shekara 3 ce, tana buƙatar wasiƙar amincewa daga cibiyar da gwamnati ta lamunta da kuma Turancin Ingilishi mai ƙarfi, wanda shi ne cikas ga yawancinmu da muka yi karatu da Faransanci. Kanada ta karɓi Faransanci a tsarinta na bizar masu sabon kamfani, ta kuma nemi alkawarin dalar Kanada 200,000 daga asusun zuba jari, ko 75,000 daga ƙungiyar masu jari, ko karɓuwa a cibiyar reno. Sai dai a Afrilun 2024 an taƙaita kowace cibiya ga kamfani 10 a shekara, layin jira kuma ya kai shekaru, sannan a ƙarshen 2025 aka dakatar da karɓar sabbin masu nema. Ni dai ba zan shawarci matashi ya jingina da ita ba.

Akwai kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, kuma a ƙa'ida mutum yana ajiye dosiyen bizar dogon zama ne a ƙasar da yake da izinin zama a cikinta. Saboda haka zuwa ofishin jakadancin Faransa na Lome da fasfo kawai ba lallai ya wadatar ba.

Issoufou, Yamai:
Na gode, Malam. Ke nan daga ina za mu fara?

Malam Abdou, Yamai:
Ku fara da CIPMEN, cibiyar renon ƙananan kamfanoni da ke nan Yamai, su taimaka muku ku shirya lissafin kuɗi da shaidar ciniki, domin adadin buhunan da aka sayar ta manhajarku ya fi dogon bayani tasiri a gaban kowane kwamiti. Sannan ku dubi Dakar da Abijan da idon basira: kuɗinmu sefa ɗaya ne, dokar kasuwanci ta OHADA ɗaya ce, Nijar tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, duk da ficewarta daga CEDEAO a Janairun 2025, masu sayen albasarku ma suna Abijan. Idan kun samu izinin zama a can, kun samu inda za ku ajiye dosiye ranar da wata cibiya ta Turai ta karɓe ku.