Ciwon leɓe ya ƙi rabuwa da ni, don Allah a ba ni shawara

Maman Hanif, Rigasa:
Salamu alaikum jama'a. Wata na biyar kenan ina fama da ciwon leɓe, sai ya warke ya sake dawowa. Da ƙaiƙayi yake farawa da ɗan zafi-zafi a leɓen sama, kuma kullum wuri ɗaya, washegari sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso, su fashe su yi ɓawo, ko loma zan kai sai wurin ya tsage jini ya fito. Na shafa makilin, na sha Ampiclox daga kemis, shiru kake ji. Ga shi ina goyo, jaririyata watanta 2, wallahi ita ce ta fi damuna.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam, sannu 'yar'uwa. Yadda kika kwatanta ɗin nan ya yi kama da abin da mutanenmu ke cewa ƙurajen zazzaɓi. Ƙwayar bairos ce mai suna herpes simplex, da yawa tun suna yara suka ɗauka, in ta shiga jiki ba ta fita, lafewa take yi a jijiya, sai an yi maleriya ko an sha rana ko al'ada ta zo ko gajiya da rashin barci sun yi yawa ta taso, shi ya sa kike ganinsa wuri ɗaya. Mai jego kuwa ina ta ga barci. Ampiclox ba ya taɓa bairos, ki daina sha don Allah, makilin ma ƙara ƙona wurin yake. Maganin shi ne Acyclovir, na shafawa sau 5 a rana kwana 5, amma ya fi aiki in an fara tun ana jin ƙaiƙayin nan kafin ƙurjin ya fito. Tunda yana yawan dawo miki ki ga likita, akwai na sha, ki faɗa masa kina shayarwa.

Maganar yarinya kuma ki riƙe ta da kyau: kar ki sumbace ta sam har sai ya warke tas, ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke ta. Ciwon nan yana da haɗari sosai ga jariri. Nono ki ci gaba da ba ta, in dai babu ƙurji a kan nonon. In kika ga jikinta ya yi zafi ko ta ƙi kama nono, asibiti kai tsaye, kar a jira gari ya waye.

Abban Sadik:
Ni nawa daban ne, gefen baki ne yake tsagewa musamman da hunturu, ina ta lasa ashe yawun ne ke ƙara ɓata shi. Da aka gwada ni aka ce jinina ya yi ƙasa. Maganin ƙarin jini da man kaɗanya kafin in kwanta, shikenan. Ki sa a duba naki jinin tunda ba ki daɗe da haihuwa ba.

Hajiya ta Unguwar Rimi:
Maman Hanif, naki dai yana warkewa ya dawo, da sauƙi. Wanda nake jin tsoro shi ne wanda ba ya warkewa kwata-kwata. Kawuna mai shan sigari ne, gyambo ɗan mitsitsi a leɓen ƙasa, ba zafi, ya yi ta shafe-shafe kusan shekara, ko da aka je asibiti ciwon daji ne, sai da aka yanke wurin. Duk ciwon baki da ya wuce sati 3 bai warke ba a kai wa likita ya gani da idonsa, asibitin Barau Dikko na nan cikin garin Kaduna. Kuma in aka ce a yi gwajin suga ko na HIV kar a ji kunya, raunin garkuwar jiki ma yana sa irin naki ciwon yawan dawowa.

Maman Hanif, Rigasa:
Innalillahi, Anti Nas wallahi ko jiya na sumbace ta a goshi, ban sani ba. Lafiyarta ƙalau dai, tana shan nono. Gobe in Abbansu ya dawo daga aiki zai kai mu a duba mu duka biyun, kofina da tawul ma na ware su tun yanzu. Allah ya saka muku da alheri.