Musayar Waƙa: Ranar Shafawi a Alƙahira

Ɗan Yelwa, daga Alƙahira: Salamu alaikum mutanen zaure. Yau na yi jarrabawar baka ta Alƙur'ani, wadda a nan ake cewa shafawi, na kuma zaga gari. Amsa-amon "wa" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Ku saurara, dangina na Garwa.

Asubar Janairu a birnin Masar,
Sanyinta har ƙashi yake ratsawa.

Hunturun gida da ƙura yake tafe,
Na nan da raɓa yake saukowa.

Na bar Bu'us, masaukin baƙin ɗalibai,
A cikin bas ma tilawa nake maimaitawa.

Shehi biyu a zaune, ni kaɗai gabansu,
Guda ya ja aya, ya bar mini ƙarasawa.

Ta 84 a Ali Imrana ya ɗauko,
Tagwan ta 136 a Baƙara, mai ruɗarwa.

Can "ilaina" take, nan kuwa "alaina",
A nan ƙafar mahaddaci kan zamewa.

Sai na ji muryar Baffa a kunnena,
Dare a tsangaya, wutar kara na haskawa.

Na wuce gaɓar ban yi tuntuɓe ba,
Shehi ya sa albarka, na fito da godewa.

Baffa Alaramma, Garwa: Ƙanwarka ce ta karanta mini, ita ke rubuta amsata.

Alhamdu lillahi, ɗana, na ji daɗi,
Hawaye ne ya zo mini ba sanarwa.

Sau bakwai ka wanke allo kan wannan aya,
Kana kuka, ni kuma na ƙi sassautawa.

Yau ga ta ta tsaya maka a ƙasar wasu,
Allah Ya bar ta a ƙirjinka ba gushewa.

Ɗan Yelwa:

Amin Baffa. Da na fito sai Azhar,
Can na yi azahar, zuciya na kwantawa.

A 970 aka aza harsashinsa,
Shekara dubu da ɗori bai bar koyarwa.

Na jingina da ginshiƙi na rasa ta cewa,
Baƙunta ce ta taso tana dannewa.

Kowa da yarensa, kowa da ayarinsa,
Ni ɗaya tilo daga bakin Binuwai, ba mai kulawa.

Kawu na Njamena: Tsaya nan, ɗan 'yar'uwata. Wannan baitin na ƙarshe ban yarda da shi ba.

Wa ya ce maka baƙo ne kai a Azhar?
Tashi ka tambayi ruwaƙin Barnawa.

A da masauki ne na ɗaliban ƙasarmu,
Can suka kwana, can suka yi haddacewa.

Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem,
Suka gina makaranta a Masar, ta Malikawa.

Alhazai ne masu ratsa Sahara,
Da guzurinsu suka yi ta, don masu zuwa.

Su wata da watanni bisa raƙumi,
Kai kwana guda jirgi ya yi saukewa.

Ƙafar mutanen tafkin Cadi ta riga taka,
Sawunsu ne, ɗana, kake takawa.

Ɗan Yelwa:

Kawu, ka ɗauke mini dutse a ƙirji,
Jumma'a zan nemi gurbin, ba fasawa.

Da na san haka da ban yi saurin fita ba,
Da na zauna na yi musu addu'ar gafartawa.

Autar gida, Garwa: Yaya, ni yawon nake jira!

Ka ga dalar Fir'auna da idonka?
Nilu ya kai Binuwai in damina na cikawa?

Ɗan Yelwa:

Auta, na bi ta kasuwar Khan Khalili,
Lungu-lungu, turare na ta tashi, ana tayawa.

Da la'asar na hau ganuwar Salahuddin,
Tun 1176 aka soma ginawa.

Hasumiyoyi a ƙasa kamar karan dawa,
Na fara ƙirge, na bari don yawa.

Dalar Giza can nesa cikin hazo,
Kamar rumbuna, ido ke hangowa.

Nilu babba ne, gadoji sun ɗaure shi,
Amma ba dorina ko guda mai leƙowa.

Goggo, Marwa: Ku duk kuna ta gine-gine, ba wanda ya tambayi cikin yaron.

Me ka ci tun safe, ɗan Goggo?
Rigar sanyin da na ba ka, kana sakawa?

Ɗan Yelwa:

Tana jikina yanzu haka, Goggo,
Koshari na ci, shinkafa da taliya a haɗewa.

Da soyayyar albasa da miyar tumatir,
Ya ƙosar, amma tuwon dawarki nake tunawa.

Gobe da safe nahawu ne, a rubuce,
Ku sa ni a addu'a, zan koma ga bitawa.

Goggo:

Je ka, Allah Ya buɗa maka, ɗana,
Kuka da daddawa na ƙulla, mai zuwa nake jirawa.