Shin lambar yabo tana kawo ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kamfaninmu ƙarami ne da ke haɗa manhajoji, kuma an gayyace mu shiga gasar lambar yabo ta masu irin sana'armu, amma sai mun biya kuɗin rajista. Shin lambar tana ƙara ciniki, ko kuwa adon bangon ofis ce kawai?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, amfaninta ya danganta da abin da kuka yi da ita bayan an ba ku. Mai saye da bai san ku ba yana neman shaidar wani, tunda yabon kai jahilci ne, saboda haka ku sanya tambarinta a takardar neman kwangila da ƙasan saƙonnin imel, tare da shekarar da kuka samu da sunan waɗanda suka bayar.

Amsa ta biyu: Ina da ja kaɗan. Kafin ku biya, ku binciki alƙalan gasar. Taurarin Michelin, wato lambar yabo ta gidajen cin abinci da aka fara bayarwa a 1926, sun yi daraja ne domin masu dubawa sukan je a ɓoye, su biya kuɗin abincinsu da kansu. Akwai kuwa gasar da duk wanda ya sayi tebur a daren biki zai koma da kofi, kuma manyan 'yan kasuwa sun san irinta.

Amsa ta uku: Mu da muka taɓa samu, cinikinmu bai tashi nan take ba, amma ƙwararrun ma'aikata sun fara turo mana takardun neman aiki.