Zoɓona ya ƙi kama gas a cikin keg, ina matsalar take?

Maman_Ilham:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar zoɓo da lemun citta na biki, to ɗan yayata ya kawo min keg, wato tulun ƙarfe mai murfi mai cin lita 19, da silindar gas ɗin CO2 da regileta, wai in dinga sa wa zoɓon gas ya yi tsiit kamar lemun kwalba. Mun bi yadda masu haɗa giya a gida a Amurka suke yi a bidiyo, tunda su suka fi bayanin abin, mun ɗora regiletar a 12 psi (psi shi ne ma'aunin ƙarfin gas ɗin) mun bar shi a kicin, amma in na zuba sai kumfa ya cika kofi, yana kwantawa kuma zoɓo ne lami ba komai. Don Allah mai sani ya taimaka, ina da biki a gaba.

Baban_Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce a kicin, wato ba cikin firji ba kenan? Ai nan gizo ke saƙa. Gas ɗin nan ba ya zama cikin ruwa mai ɗumi, sai abu ya yi sanyi ƙarara, kamar digiri 3 ko 4, sannan yake narkewa a ciki, a zafin garinmu kuwa 12 psi ɗin nan kusan aikin banza ne. Sannan lissafin masu giya ba naki ba ne, gas ɗin giya bai kai na lemun kwalba ba, ke wajen 30 psi kike buƙata. Ki sanyaya zoɓon ya kwana tukuna, ki jona gas, ki ja ɗan zoben da ke kan murfi sau uku ko huɗu iskar da ke ciki ta fita, ki bar shi a sanyi kamar sati guda. In sauri kike ki kwantar da keg ɗin ki yi ta mirgina shi gas na jone, za ki ji regileta na huci, in hucin ya lafa ya ƙoshi, amma ki bari ya huta wasu awanni kafin ki zuba. Ni dai na fi son na haƙurin, ya fi fitowa daidai. Dama keg ɗin nan asalinsa na kamfanonin Pepsi da Coca-Cola ne kafin masu giya su karɓe shi, don haka aikinsa kika ba shi.

Anty_Rabi:
Maman Ilham ki tace shi sosai da kyalle mai laushi wallahi, ɗan garin citta da kanumfari da ke yawo a ciki shi ke tayar da kumfa kuma ya toshe bututu. Ki ɗan ƙara suga don gas na ƙara tsami. Kuma kar ki yarda ya jima a waje da suga a ciki, zai fara tsima da kansa ya juye ya zama abin da ba ma so. In wuta ba ta tsayawa a unguwarku ki tsoma shi a durom da ƙanƙara.

Sani_Walda:
Mama tiyon da kike zubawa da shi tsawonsa nawa? A 30 psi gajeren tiyo kumfa kawai zai ba ki, sai siriri mai tsawo, mita 7 zuwa 9. Silindar kuma a ɗaure ta a tsaye kar ta faɗi, ƙarfin da ke cikinta ya kai wajen 800 psi, kar wani ya ce zai jona regiletar gas ɗin girki. A tabbatar gas ɗin na abinci ne, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa a ga ko yana yoyo, kuma kar a ajiye ta a ɗakin da yara ke kwana ƙofa a rufe.

Maman_Ilham:
Allah ya saka muku da alheri. Sani tiyon ko mita 2 bai kai ba, gobe zan aika yaron kasuwa. Baban Khalifa, lemun cittar ma 30 ɗin zan sa masa ko shi daban ne?