Jhansi ta Indiya: me ya kamata mai sauka ko canza jirgi a can ya sani?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Waɗanda suka san Jhansi su taimaka da bayani: yaya garin yake, kuma yaya ake canza jirgin ƙasa a tasharsa ba tare da an sha wahala ba?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jhansi hedikwatar gunduma ce a kudu maso yammacin jihar Uttar Pradesh, a yankin Bundelkhand, kimanin kilomita 400 daga Delhi. Ƙidayar 2011 ta ba gundumar mutum kusan miliyan 2. Abin da ya ɗaga garin shi ne dogo. Layi ya haura arewa ta Gwalior da Agra zuwa Delhi, wani ya gangara kudu ta Bina da Bhopal zuwa Itarsi, inda ake rabuwa zuwa Mumbai ko Chennai, wani ya nufi Kanpur, wani kuma Banda da Manikpur. Akwai ofishin shiyya na hukumar jiragen ƙasa, da babbar ma'aikatar gyaran taragun kaya. A ƙarshen 2021 aka sa wa tashar sunan Sarauniya Lakshmibai, wadda ta yaƙi Turawan Ingila a 1858. Don haka a shafin sayen tikiti ka nemi VGLJ, gajeren sunan tashar.

Hajiya: Gaskiya ne, Injiniya. Ni abin da zan ja wa yaron nan kunne a kai shi ne tikiti. Ana buɗe sayarwa kwana 60 kafin tafiya. In ka ga CNF, gadonka ya tabbata. RAC na nufin za ka shiga, amma ku biyu za ku raba gado ɗaya na gefe a zaune. WL kuwa layin jira ne, kuma in ta intanet ka saya bai tabbata ba har aka fitar da jerin fasinjoji, tikitin ya mutu da kansa, kuɗinka su dawo. Wanda ya hau da shi tara zai biya. A mahaɗa irin Jhansi wannan ya fi tsanani, domin yawancin jiragen wucewa suke yi, sun taso da cikarsu daga nesa, kason da ake ware wa tashoshin tsakiya kaɗan ne.

Sai maganar kwanan wata. Jirgin da zai tashi 12:30 na dare, ranar gobe ce a tikitinsa. Mutane da yawa kan zo bayan ya tafi da kwana guda.

Ɗalibi: Ƙari a kan na Hajiya. Kada ka dogara da sunan jirgi, riƙe lambarsa mai alƙaluma 5, don sunaye kan yi kama. Tsayuwarsa mintuna ne kawai, tsawonsa kuma kan haura tarago 20, saboda haka duba allon da ke nuna inda taragonka zai tsaya: S na kwana marar sanyi, B mai sanyi gado hawa uku, A hawa biyu. Akan canza dandamali dab da isowa, sai ka haye gada da kaya. Kasa kunne ga sanarwa, ko ka kira 139, lambar neman bayani ta hukumar jiragen ƙasa. 'Yan dako masu jajayen riguna sun san wurin sosai, amma a gama ciniki kafin su ɗora kaya a kai.

Injiniya: Tazarar canji fa ita ce babbar magana. A bar aƙalla awa 3 tsakanin jirgi da jirgi. Disamba da Janairu hazo kan rufe arewacin Indiya, direba ba ya hango sigina daga nesa, dole ya rage gudu, jirgi ɗaya ya makara ya riƙe na bayansa. A lokacin awa 6 ma ba ta yi yawa ba. Mayu da Yuni kuma zafi kan kai digiri 45.

Malam Babba: In jiran ya yi tsawo, akwai ɗakin ajiyar kaya a tasha. Sai da tikiti, kuma ba sa karɓar jakar da ba kwaɗo. Daga nan keke mai ƙafa uku zai kai ka ganuwar da Sarki Bir Singh Deo ya gina a 1613, ko tsohon garin Orchha, ƙasa da kilomita 20. Ofisoshin gunduma da kotuna suna ɓangaren Civil Lines. Otal zai nemi fasfo da biza ya cika takardar rajistar baƙi, otal ɗin da ba ya yin hakan ba zai karɓe ka ba, don haka tambaya tun kafin ka biya. Garin na da barikin soja, ɗana, kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a wajen.