Magazin ɗin bindigata ta Airsoft ya cije tun shigowar hunturu, wa ya taɓa kwance nashi?

Daga Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da bindigar wasa irin ta Airsoft, mai batir, wadda ke harba 'ya'yan roba masu milimita 6. Ni da ƙannena muna jera gwangwanayen madara a bayan gida mu gwada saiti. Tun da iskar hunturu ta fara, sai ta harba uku ko huɗu ta tsaya, injin na kuka amma ba abin da ke fita, sai na bugi gindin magazin, wato gidan da ake ɗura 'ya'yan, da tafin hannu. Nawa mai sifirin ne, yana cin kusan 120. Ina son in buɗe shi amma ina tsoron in kasa maida shi. Don Allah wanda ya taɓa yi ya faɗa muna yadda ta kaya.

Daga Gawon Nama:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni gyaran waya nake yi, kuma na buɗe irin naka ya fi sau biyar. Ka fara juye 'ya'yan duka: akwai ɗan maƙulli a bakinsa na sama, in ka danne shi da farce za su feso, don haka ka tara kwano. Kada ka taɓa sukuru alhali sifirin na a matse. Daga nan ka kwance sukurun gindi da ƙaramin alanki, ka zare rigar waje. Za ka ishe ɓari biyu na roba haɗe da ƙananan sukurori. A nan ne wahala take. Ranar da na fara, ina raba su sifirin ya yi tsalle, ɗan kan robar da ke tura 'ya'yan ya ɓace, sai bayan Magariba na gan shi maƙale cikin saƙar tabarma. Yanzu farin ƙyalle nake shimfiɗawa a faranti, in ɗora babban yatsa kan sifirin, in ɗaga ɓarin a hankali, in ɗauki hoto da waya kafin in cire komai.

Abin da na gani ciki ya ba ni mamaki. Hanyar da 'ya'yan ke bi ba miƙaƙƙa ba ce, lanƙwasa take yi, kuma daidai kwanar jar ƙura ta daskare awa garin lalle, ga wani ɗan roba da ya tsage biyu ya tokare. Tsohon burushin haƙori na sa na kakkaɓe, na bi ramin da audugar goge kunne da ɗan sifirit, na bar shi a inuwa ya bushe sarai. Ko ɗigon mai ban sa ba, ya koma awa sabo.

Daga Runjin Sambo:
Maganar mai ɗin nan ka riƙe ta da kyau. Ni na yi wanga kuskure, kuma har yau yana yi min ciwo. Na ɗauki man keken ɗinki na Inna na ɗiga a bakin magazin, ina ganin taimakonsa nake yi. Kwana biyu ya yi santsi. Kafin mako ya zagayo mai da ƙura sun haɗu sun zama laka. Abin da ya fi muni, 'ya'yan sun kwashi man sun kai shi ga 'yar robar da ke cikin bakin bututu, wadda ke sa su juyawa su yi nisa. Robar ta kumbura, harbi ya koma yau dama gobe hagu. Duk man da aka samo daga fetur yana cin irin wagga roba, har da na feshi da makanikai ke sa wa noti in ya yi tsatsa. Sai da na yi wata biyu ina jiran sabuwar roba.

Daga Gwiwa:
Yaya, ni kam ina shafa wa sifirin ɗin man silikon kaɗan da yatsa, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Daga Gawon Nama:
Silikon ba ya cin roba, wannan gaskiya ne, amma yana kama ƙura kamar kowane mai. A Japan aka ƙirƙiro wasan nan a shekarun 1970, masu ba da shawarar shafa mai ba su san iskar da ke kwaso muna rairayin Sahara daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba. In ka shafa, ka goge har sai yatsanka bai ji maiƙo ba.

Daga Arkilla:
Ni nawa na ƙaramar bindiga ne mai gas, kuma ciwonsa daban. Watan Afrilu na manta shi cikin mota daga hantsi har La'asar. Kun san zafin Sakkwato a lokacin, ya wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin rufaffiyar mota. Allah Ya kiyaye bai fashe ba, amma tun ranar in na cika shi sai in ji yana tsss. Na tsoma shi a kofin ruwa, kumfa na ta fitowa ta bawul ɗin gindi. Na fita tsakar gida, nesa da murhu, na saki gas ɗin duka, don furofen ne, dangin gas ɗin girki, aka gauraya da ɗan man silikon, wuta yake kamawa. Da na kwance bawul ɗin na ishe ƙaramin zoben robarsa ya bushe ya lafe. Na jiƙa shi da silikon ya kwana, na share ruwan ko'ina, na maida, yoyon ya tsaya. A nan ne kawai mai ke da aiki. Yanzu kullum ina barin ɗan gas a ciki in zan aje shi, don zoben ya zauna a matse.

Daga Minanata:
'Ya'yana, ni ba na harbi, uwa ce, ɗiyana ne ke da bindigar. Ni na gano abin da ke cusa musu ƙasa cikin magazin: in sun gama sai su duƙa su tsince 'ya'yan robar cikin rairayi su sake ɗurawa. Yayansu ya ce wanda ya bugi bango ya riga ya tsage ko ido bai gani ba, kuma masu ruwan ɗorawar nan masu arha, na giram 0.12, suna da gaɓa a tsakiya mai maƙalewa, gara farare na 0.20. Na ba su tsohuwar kwalbar zuma mai murfi suna zubawa. Sharaɗina biyu ne: ba mai harbi sai da tabarau na kariya a idonsa, kuma ba ta ƙetare zaure, don daga nesa ba mai bambanta ta da ta gaske, ga halin tsaron da muke ciki.

Daga Mabera:
Allah Ya saka da alheri, Mama, laifin tsintar nan mu ma muna yi. Yaya na Gawon Nama, na bi yadda ka ce bayan Azahar. Guntaye biyu na samu a kwanar, da ƙurar da ta kusa cika murfin kwalba. Sukuru ɗaya ya so ya gagare ni, sai na duba hoton. Na cika shi na juye sau uku bai tsaya ba ko sau ɗaya. Yanzu yana cikin leda a ɗaure, ba komai cikinsa don sifirin ya huta.